Free jazz da rock na gwaji: wane bugu zan saya, kuma yaya ake gane ƙarar kiɗa da ƙarar lalacewa?

Sabon_Kunne:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a harkar tara faifai ce. Ina son fara tara free jazz da rock na gwaji, irin su Ornette Coleman, Albert Ayler, Can da Faust, amma abubuwa uku sun sha mini kai. Na ɗaya, faifai guda sai ka tarar an jera bugunsa barkatai a Discogs, shafin intanet na jera faifai da cinikinsu, suna ɗaya, hoton bango ɗaya, amma kuɗin wani ya ninka na wani sau ashirin. Ina bambancin yake? Na biyu, kiɗan nan dama cike yake da kururuwa da ƙara, to idan na sayi faifai na hannu, yaya zan gane ƙarar da makaɗa suka yi da gangan da wadda lalacewa ta jawo? Na uku, a Kano nake, ga zafi ga ƙura. Kuɗin da na ware bana ba zai wuce na faifai goma ba. A taimaka.

Mai_Garmaho:

Wa alaikumus salam, barka da zuwa. Bari in ɗauki ta farko, maganar na'ura kuwa akwai masu ita.

Kada ka fara da kundin Free Jazz na Ornette Coleman ko Machine Gun na Peter Brötzmann, duk da su aka fi ambata. Fara da The Shape of Jazz to Come na Ornette Coleman, wanda Atlantic ta fitar a 1959. Babu fiyano a ciki, amma akwai karin da za ka iya bi da baki, kuma Billy Higgins bai saki lokaci a ganga ba. Daga nan sai Out to Lunch! na Eric Dolphy, Blue Note, ɗaukar Fabrairun 1964. Sai Spiritual Unity na Ayler, ɗaukar Yulin 1964, mutum uku ne kacal, bai ma cika minti 30 ba, kuma a nan ne za ka ji Sunny Murray ya daina ƙirga lokaci gaba ɗaya, gangar ta koma kaɗawa kawai. Idan kunnenka ya saba da waɗannan ukun, Ascension na John Coltrane mai mutum 11 ba zai zo maka a matsayin hayaniya ba.

To, batun kuɗi. A ƙarƙashin suna ɗaya akwai bugun farko, akwai sabon bugu da aka yanka da izini daga tef na asali, akwai kuma wanda bai taɓa ganin tef ɗin ba. Na ƙarshen nan shi ke cin kuɗin sababbin shiga. A Tarayyar Turai kariyar haƙƙin ɗaukar sauti shekara 50 ce a da, kuma da aka ƙara ta zuwa 70 a 2013 ba a waiwayi waɗanda wa'adinsu ya riga ya ƙare ba. Saboda haka duk abin da ya fito kafin 1963 kowa na iya bugawa a can. Shi ya sa za ka ga faifan Ornette na 1959 da na 1961 a hannun kamfanoni irin su WaxTime da DOL. Ba su karya dokar can ba, amma tef ɗin yana ajiye a wurin mai shi, su kuwa da kwafi suke aiki. Alamominsu a bayyane suke: hoton bango ya ɗan sauya, an ƙara waƙa ɗaya ta gyara, robar mai launi ce, babu tambarin Atlantic, ga kuma ƙatuwar sitika ta giram 180. Nauyin roba ba ya ƙara wa sauti komai. Zurfin tsagar da allura ke bi a wurin yanka ake tsayar da shi, ko robar ta yi kauri ko ta yi siriri.

Shaidar gaskiya tana santsin nan da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya. Karkata faifan, ka haska tocila daga gefe, za ka ga lambobi da haruffa, wasu an buga da hatimi, wasu an rubuta da hannu. Ka kwafe su daidai, ka zuba a gurbin bincike na Discogs, zai kai ka kan bugun da ke hannunka. Idan daga nesa kake saye, ka ce mai kaya ya turo hoton wurin, gefe biyun. Wanda ya ƙi, ka bar masa kayansa.

Ga inda hakan ke da amfani. An ɗauki Ascension sau biyu a rana ɗaya a watan Yunin 1965. Impulse! ta fara fitar da ɗauka ɗaya, Coltrane ya ce ba ita yake so ba, aka musanya da ɗayar ba tare da an sauya bango ko lamba ba. Abin da ya raba su kawai shi ne rubutun EDITION II a santsin tsakiya. Jerin masu busa ma ba ɗaya ba ne a cikinsu, don haka kiɗa biyu ne daban a riga ɗaya.

A Blue Note kuwa, bugun farko na Out to Lunch! yana da New York USA a takardar tsakiya, da hatimin VAN GELDER, da wata 'yar alama mai kama da kunne, wadda ta masana'antar Plastylite ce da ke buga musu faifai har zuwa 1966. Lambarsa 4163 a mono, 84163 a sitiriyo. Kunnen nan shi ke tashin farashi. Amma bugun da ya biyo baya, mai ɗauke da sunan Liberty a takarda, idan har hatimin VAN GELDER yana nan, to daga yankan Rudy Van Gelder ɗin ya fito, kuma kuɗinsa ya yi ƙasa sosai. Mai faifai goma a shekara ba shi da haɗi da bugu mai alamar kunne. Ko dai na Liberty, ko sababbin jerin Classic Vinyl da Tone Poet da Blue Note ke fitarwa yanzu, waɗanda Kevin Gray ke yankawa.

Kamfanoni uku ne nake cewa a taka a hankali. ESP-Disk na Bernard Stollman: Spiritual Unity a mono aka ɗauke shi tun asali, kada ka ɓata lokaci neman sitiriyo, kuma an yi ta ba da lasisinsa hannu zuwa hannu a Turai, ingancin bugun ya bambanta ƙwarai. BYG Actuel na Faransa: a bazarar 1969 suka tara Archie Shepp, Don Cherry, Art Ensemble of Chicago da sauransu a Faris, suka ɗauki faifai da yawa cikin 'yan makonni. Kiɗan ba a magana, amma robar sau da yawa tana da shuu tun tana sabuwa. Sai El Saturn na Sun Ra, inda bango da hannu ake zana shi, wani lokaci faifan ciki ba shi ne na bangon ba, wani ma gefen farko daga wani kundi yake, gefe na biyu daga wani. Wannan fagen na masu kuɗi da haƙuri ne. Ka nemi CD ɗin da Evidence ta fitar a farkon shekarun 1990, ko shafinsa na Bandcamp, inda ake sayar da kiɗa ta intanet. Af, Sun Ra ɗin nan ya zo Legas da ƙungiyarsa lokacin FESTAC a 1977, kuma a shekarar ce Lester Bowie na Art Ensemble ya zauna wurin Fela, busarsa ce kake ji a No Agreement.

Baba_Allura:

Ɗana, tambayarka ta biyu ita ce mai wuya, kuma da agogo ake fara amsa ta.

Faifai mai gudun 33⅓ yana zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 1.8. Duk ƙas ɗin da ke dawowa daidai bayan daƙiƙa 1.8 karce ne, ba mai ganga ba. Haka idan doguwar busa ko sautin fiyano yana hawa yana sauka a wannan tazarar, to ramin tsakiya ne ba a huda shi daidai ba. Duba hannun garmahon daga sama, za ka ga yana lilo hagu da dama.

Cinyewar tsaga daban take. Ba ta fitowa a wurin shiru, sai an kai inda saksofon ya ɗaga murya, sai ka ji wani kar-kar ya manne wa sautin, yana tashi tare da shi yana sauka tare da shi. A ƙarƙashin tocila wurin yakan yi toka-toka maimakon baƙi mai sheƙi. Tsohuwar allura ko mai nauyi ce ta ci bangon tsagar, kuma wanki ba ya gyara wannan. Matsalar ita ce Ayler da Pharoah Sanders da Peter Brötzmann su ma suna tsaga sautin da kansu, da matse bakin busa da tura iska fiye da kima. Hanyar rabewa: ka buɗe kwafin dijital na halal a waya, ka sa abin kunne, ka je daidai minti da daƙiƙar, ka saurari kuge da bas maimakon saksofon ɗin. Idan mai busa ne ya tsaga sautinsa, kugen da ke bayansa zai fito tas. Idan tsaga ce ta cinye, komai da ke wurin zai dagule tare.

Akwai kuma laifin da ba na faifai ba ne, na saiti ne. A bakin faifai tsagar tana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, a kusa da tsakiya kuwa ta sauko kusan 20. Wato kiɗa iri ɗaya an cusa shi a wurin da bai kai rabi ba. Makaɗan nan kuma sun fi son kai ƙarshen gefe da ƙarfi, daidai inda allura ta fi shan wuya. Idan dagulewar a mintunan ƙarshe kawai take, a kowane faifai, to allurarka ce. Mai zagayayyen baki ba ta shiga ƙananan lanƙwasa. Ga wannan kiɗan, kan allura AT-VM95 na Audio-Technica ya wadatar, domin jikinsa ɗaya ne, allurar kawai ake zarewa a sauya. Fara da ta E, in hali ya samu ka koma ta ML mai siririn baki, za ka ji ƙarshen gefe ya washe. Kamfanin ya ƙiyasta wa ta E kusan awa 300, ta ML kusan awa 1,000, don haka tsadar tata ba asara ba ce.

Nauyin da VM95 ke so giram 2.0 ne, tsakanin 1.8 da 2.2. Sayi ƙaramin sikelin dijital ka auna a kan farantin, kada ka yarda da lambar da ke jikin ƙarfen bayan hannu. Mutane na rage nauyi wai don tausayin faifai, alhali allura marar nauyi tsalle take yi tana dukan bangon tsaga, ɓarnarta ta fi ta wadda ta ɗan yi nauyi. Maɓallin anti-skate, mai hana hannun garmaho rinjaya zuwa tsakiya, ka sa shi daidai da lambar nauyin. Idan kar-kar ɗin a lasifika ɗaya yake fitowa, nan za ka fara taɓawa. Garmahon nan masu kama da jaka, masu lasifika a jiki, suna danna giram 5 ko fiye, kada faifan kirki ya hau su.

Wajen saye, darajar da masu kaya ke rubutawa, NM (kamar sabo) da VG+ da VG (masu bi masa a ƙasa), yawanci da ido suka ba da ita. Ka tambaya ko an saurara. VG+ ya isa ga kiɗa mai cika kunne irin Machine Gun, domin ƙarar mutum takwas za ta rufe 'yar ƙas-ƙas. Amma For Alto na Anthony Braxton, saksofon ɗaya tilo a faifai biyu, ko Sound na Roscoe Mitchell na 1966, rabinsu numfashi ne da shiru. A nan ko NM ko CD.

Uwar_Kaset:

Sannunku da ƙoƙari. Baba ya gama magana a kan allura, amma ni ban yarda a ce duk goman nan roba za a saya ba.

Free Jazz kiɗa ɗaya ne na kusan minti 37, Ascension kusan 40. A faifan garmaho dole a yanke su a tsakiya ka tashi ka juya. A CD suna tafiya a miƙe, kuma akwai CD ɗin Impulse! da ya haɗa ɗaukar Ascension biyun, ka huta da neman rubutu da tocila. Ga kuɗin aike: faifan garmaho ɗaya da kwalinsa ya doshi rabin kilo, CD kuwa idan ka ce a cire shi daga robarsa a turo da takardunsa bai kai giram 50 ba. Shawarata, roba huɗu, sauran kuɗin CD da FLAC (fayil ɗin sauti da ba a rage masa inganci ba), za ka tashi da kundi ashirin maimakon goma.

Ɓangaren rock kuma, ƙanena, akwai abubuwan da za ka rantse lalacewa ce alhali haka aka yi su. Gefe na biyu na Neu! 2, 1973: kuɗi ya ƙare musu, sai suka ɗauki waƙoƙi biyu da suka riga suka fitar suka yi ta juya su a gudun 16 da 78, har da tsallen allura da kaset mai cin zare, duk a cikin ɗaukar suke. White Light/White Heat na Velvet Underground, 1968: sun ƙure na'ura har sautin ya fashe, babu bugun da zai wanke shi, kuma a waƙar The Gift labari yana lasifikar hagu, kiɗa yana ta dama, ba wayarka ce ta tsinke ba. Trout Mask Replica na Captain Beefheart, 1969: akwai waƙar da yake rerawa ba kiɗa, kana jin ƙas tsakanin layi da layi, maɓallin tsayar da rikoda ne. Muryarsa ma ba ta zauna daidai kan kiɗan ba domin ya ƙi sa abin kunne a situdiyo. Kundin farko na This Heat, 1979, da wani siririn sauti yake buɗewa wanda da ƙyar ake ji, kada ka ƙure murya, abin da ke biye zai firgita maƙwabta. EVOL na Sonic Youth kuwa tsagarsa ta ƙarshe rufaffiya ce, za ta yi ta zagaye har sai ka ɗaga hannun da kanka.

Inda ake shan jabu a nan shi ne Jamusawan, irin su Neu! da Can da Faust. Kundin Neu! sun daɗe ba a kasuwa ba saboda saɓanin 'yan ƙungiyar biyu, Klaus Dinger da Michael Rother, sai CD ɗin Germanofon marasa izini suka cike gurbin a shekarun 1990, daga tsofaffin faifai aka kwafe su. Na halal sun fito a 2001 ta hannun Grönland. Na Can ka nemi tambarin Spoon, kamfaninsu ne na kansu. Tago Mago na 1971 shi ne ƙofar shiga, amma ka san faifai na biyu ya fi na farko nisa da abin da kunne ya saba. Bugun Jamus da na Ingila na farko bangonsu daban ne, ba jabu ba ne. Kundin farko na Faust, Polydor 1971, roba ce garau a cikin bango garau mai hoton ƙashin hannu, kyakkyawa ne a ido, amma bangon leda ne, kuma Baba zai gaya maka abin da leda ke yi a zafi. The Faust Tapes na 1973 kuwa Virgin ta sayar da shi a kuɗin ƙaramin faifai mai waƙa biyu, aka saye shi da yawa a Ingila, shi ya sa har yau ba ya tsada. Les Rallizes Dénudés na Japan kusan duk abin da ke yawo da sunansu ba da izini ba ne. Na halal su ne CD uku na 1991 da sababbin bugun Temporal Drift da suka fara fitowa bayan rasuwar Takashi Mizutani.

Don gane CD na jabu, juya shi. Idan cikinsa kore-kore ne ko shuɗi-shuɗi, a kwamfuta aka ƙona shi. Na masana'anta azurfa ne, kuma daga 1994 yawancinsu suna da ƙaramar lambar IFPI a zoben tsakiya. CD ɗin da masana'antar PDO ta Ingila ta buga tsakanin 1988 da 1993 wasunsu suna rikiɗewa su koma ruwan tagulla daga baki, kuma waƙoƙin ƙarshe ne ke fara mutuwa, tunda CD daga tsakiya yake karantawa zuwa waje. Duk CD da ya iso, ka kwafe shi a ranar da manhajar Exact Audio Copy ko XLD zuwa FLAC, ka bar AccurateRip ya tabbatar babu kuskure. Kundi ɗaya yakan ci megabait 300 ko kusa da haka. Ajiye kwafi biyu a wuri biyu. Idan wani ya ba ka FLAC kana shakka, buɗe shi a manhajar Spek mai nuna hoton sauti: in ka ga an yanke sautin ƙat a 16 kHz kamar da reza, tsohon MP3 ne aka sauya wa riga.

In kana neman abin da za ka bi bayan waɗannan, akwai jerin sunaye kusan 300 da Nurse With Wound suka sa a kundinsu na farko a 1979, masu tara faifai sun mai da shi taswira. Amma fa ba duk abin da ke ciki ne ya cancanci kuɗinsa ba, wasu ƙarancinsu ne kawai ya ɗaga su. Ni zan fi tura ka wurin Henry Cow da Univers Zero, da abin da Recommended Records na Chris Cutler ya fitar.

Sabon_Kunne:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Baba, akwai garmaho na gwanjo da aka ce daga Amurka ya zo, mai bel ne. In na sa masa taransifoma ya wadatar? Sannan maganar ledar da Yaya ta ambata fa?

Baba_Allura:

Bai wadatar ba, sai ka duba irin motarsa. Wutar Amurka volt 120 ce a 60 Hz, tamu 230 a 50 Hz. Taransifoma volt kawai take saukewa, ba ta taɓa Hz. Yawancin masu bel na da, motarsu da bugun wutar take ƙirga gudu, don haka wanda aka yi wa 60 zai yi tafiyar 27.8 a nan maimakon 33⅓. Gefen minti 20 zai ci minti 24, kowane sauti ya yi ƙasa. A kiɗan da ba ka san yadda ya kamata ya fito ba, kana iya shekara kana saurare a haka ba ka sani ba. Maganinsa sauya ƙaramin gurun da bel ke hawa zuwa na 50 Hz, in ana samu. Na Japan kuma volt 100 ne, wasu 50 wasu 60, gwargwadon yankin ƙasar. Mafi sauƙi ka nemi wanda ya fito daga Ingila ko Turai, ko kuma marar bel mai kulle gudu da quartz, irin Technics SL-1200MK2 ko AT-LP120X. Waɗannan ba ruwansu da rawar da janareta ke yi, wadda ke sa mai bin bugun wuta ya riƙa ja yana saki. Duk da haka ka sa sitabilaiza a gaba.

Gwajin gudu ba ya buƙatar na'ura. Manna 'yar takarda a gefen faranti, ka ƙirga zagaye 100. Minti 3 cif ya kamata su ɗauka. Idan kuma kana jin huuu a lasifika ko ba faifai, siririyar wayar ƙasa ce ba ka ɗaura a bayan amfilifaya ba. In sautin ya fito siriri ba nauyi, ka sa wayar a ramin da ba na phono ba ne, wato ba ramin garmaho ba.

Leda iri biyu ce. Mai kauri, mai sheƙi, mai warin sabon labulen banɗaki, PVC ce. A zafi tana fitar da wani abu da ke ratsa kwali ya bar hazo a fuskar faifai, hazon kuma shuu ne na dindindin, ba ya wankuwa. Cire duk irinta. Ka yi amfani da mai laushi marar wari ta polyethylene ko polypropylene a waje, a ciki kuma rigar HDPE maimakon takarda, domin takarda na zubar da gari tana kuma karce. Faifan Faust ɗin can, ka raba shi da bangonsa, kowanne da rigarsa.

A tsaye ake jera faifai, ba a kwance ba, ba a jingine ba, a matse kaɗan yadda za ka iya zaro ɗaya da yatsu biyu. Kowane santimita 30 zuwa 40 a sa katako ya raba su, don kada nauyin layin ya taru a kan na ƙarshe. Roba takan fara sakin jiki a wajen digiri 60, amma in an jingine ta ko an danne ta, zafin da bai kai haka ba ma yana lanƙwasa ta a hankali. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kai tsaye, da bangon da rana ke duka da yamma, da bayan mota a watan Afrilu, duk ba wurinta ba ne. Awa ɗaya a mota a rana ta isa faifai ya koma kamar gurasa. Kantar da ka jera su ta ɗaga daga ƙasa saboda gara da ruwan damina, kuma kada ka rufe ledar waje ruf, danshi in ya shiga ba ya fita, sai funfuna ta ci bango.

Da hunturu iska na bushewa, faifai ya riƙa jan ƙura da kansa, har ka ji ƙananan tas-tas da ba su da tsari. Wannan ba karce ba ne. Burushin carbon kafin kowane gefe, zagaye biyu ko uku ba dannawa, allura kuma a share ta daga baya zuwa gaba kawai. Wankin gaske kuwa: kashi huɗu na tataccen ruwa, kashi ɗaya na isopropyl, da ɗigo ɗaya na sabulun ruwa marar turare a lita guda. Shafa da burushi mai laushi kana bin tsaga, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ɗauraye da tataccen ruwa zalla, ka jingine a tsaye ya bushe sarai kafin ya koma riga. Ruwan rijiya da na leda suna barin gishiri a tsaga. In wurin masu batir za ka sayi tataccen ruwan, ka tabbatar ba mai asid suka ba ka ba, gara ka saya a kantin kayan asibiti. Tsofaffin faifan 78 kuwa isopropyl narkar da su yake yi, kada ya kusance su.

Mai_Garmaho:

Ƙari kaɗan kan aike. Ka tara uku zuwa biyar wurin mai kaya ɗaya, ka ce ya zare kowane faifai daga bangonsa ya ajiye shi a bayan bangon cikin rigarsa, in ba haka ba girgizar hanya za ta sa bakin faifan ya tsaga bangon. Kwali mai tauri da abin cikewa gaba da baya, da lambar bin sawu. In da hali ka sa odar ta iso da damina ko hunturu, kada kaya su kwana a sito a tsakiyar bazara.

Hajiya, na yarda da ke a kan Ascension, amma ban da Free Jazz. Ƙungiya biyu ce ta mutum huɗu-huɗu, Ornette da Don Cherry da Scott LaFaro da Higgins a hagu, Dolphy da Freddie Hubbard da Charlie Haden da Ed Blackwell a dama, kuma a kowace siga ya samu ya tabbatar dai sitiriyo ne, domin a mono rabon nan ya tafi. Sannan bangon Atlantic na asali yana da taga da aka huda, ta cikinta ake hango zanen Jackson Pollock, abin da takardar CD ba ta iya bayarwa. In roba huɗu ce, ni zan ce Out to Lunch!, Free Jazz, Tago Mago da Deceit na This Heat. Spiritual Unity ya saya a Bandcamp na ESP-Disk, in ya kunna kuma ya ji sautin duka a tsakiya, haka yake.